Gero Ya Tsaya, Mahaɗi Ya Tafi Kasuwa: Tarihin Cimar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya san ƙauyukan Tasawa da Mayahi a tsakiyar damina, lokacin da ake maimai kuma rumbu ya yi ƙasa, ya san abin da ake ci a gidan talaka. Da rana fura ce da aka dama da ruwa, wani lokaci da ɗan tsalan da bai isa ya sauya mata launi ba. Da dare tuwon gero ne da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, wadda sau da yawa ba ta ga ɗigon mai ba. Ciki yana cika, amma yara ba sa girma yadda ya kamata. Shekara da shekaru binciken hukumar ƙididdiga ta Nijar yana nuna fiye da rabin yaran jihar Maraɗi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na sa'o'insu ba. Masana abinci sun ce cimar ta karkata gefe ɗaya: sitaci ya yi yawa, furotin mai gina jiki ya yi kaɗan, maiƙo kuwa ya fi kowanne ƙaranci. Haka ne. Inda muka sha bamban da yawancinsu shi ne maganin da suka fi kawowa, wato a tara mata a gindin bishiya a koya musu haɗa abinci, sai ka ce ba su taɓa sani ba. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin mahaɗin gero, kuma abin da ya riƙe musu daidaiton cima tsari ne na gona da dabba da hannun mace. Da tsarin ya warware cikin shekaru ɗari da suka wuce, sai gero ya tsaya a gida, nono da wake da mai suka kama hanyar kasuwa, don su ne ke da kuɗi a jikinsu.

Gero ba abin rainawa ba ne. A kowane giram 100 nasa akwai furotin kusan giram 11 da maiƙo kusan giram 5, abin da ya fi na farar shinkafa nesa ba kusa ba, sauran kuma yawancinsa sitaci ne. Inda ya gaza wuri biyu ne. Furotin da ƙananan sinadarai iri-iri ake gina shi, kuma na gero yana da ƙarancin ɗaya daga ciki da ake kira laisin, saboda haka jiki ba ya cin moriyarsa duka sai an cike giɓin. Sannan yawancin maiƙon a idon ƙwayar da fatarta yake, surfe kuma yana tafiya da wani kaso cikin dusa. Wake kusan rubu'insa furotin ne, ga shi da wadatar laisin, shi ya sa awo ɗaya na wake a kan awo uku na hatsi yake ɗaga darajar abincin baki ɗaya. Nono ma haka yake yi, har ya fi. Gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, na sitaci 4, kuma in babu maiƙo jiki ba ya tsotsar bitamin A na ganyen miya yadda ya kamata. Wanda abin ya fi shafa shi ne ƙaramin yaro, don cikin ɗan shekara ɗaya bai cika ɗaukar abin da ya wuce rubu'in lita a zama guda ba. In aka cika wannan ɗan wurin da koko tsararo, yaron ya ƙoshi alhali bai ci ba.

A ɗora tsohuwar cimar ƙasar nan a kan wannan ma'auni, za a ga kowane giɓi da abin da ke toshe shi. Fura ba ta cika sai da nono: a surfa gero a wanke, a daka da citta da kanumfari da barkono, a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a tsame a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sannan a dama dawon da kindirmo a ƙwarya. Tuwo da man shanu ake cin sa. Wake ba shi da gona tasa, tsakanin gero ake shuka shi, daga nan ya shiga ɗanwake da ƙosai da alala, harawarsa ta tafi ga akuya. A gefen gona ga yakuwa, a ci ganyenta, 'ya'yanta kuma a dafa su, a rufe su kwanaki su ruɓa, a daka a yi daddawar batso, wadda ke tsayawa a madadin ta kalwa a ƙasar da ɗorawa ba ta da yawa. 'Ya'yan yakuwa cike suke da furotin da mai, don haka abin da ake sa wa miya don ƙamshi shi kansa abinci ne. Ga riɗi, ga kwaruru, ga tafasa da jiga da yaɗiya da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Ga kuma fara. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya yaba walwalar garin, ya kuma ambaci soyayyiyar fara cikin abin da ake sayarwa a can. Busasshiyar fara kuwa fiye da rabin nauyinta furotin ne. Ba wanda ya zauna da alƙalami ya lissafa waɗannan. Harshe da gwajin kaka da kakanni ne suka kai ga haɗin da ɗakin bincike ya zo ya tabbatar daga baya.

To amma manomin da ba shi da garke, ina yake samun nono? Yalwar ƙasa ce ke ba shi. Har farkon ƙarni na 20 daji ya fi gona yawa tsakanin Tasawa da Gulbin Kaba, domin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun tattara mutane a garuruwa masu ganuwa, sai bayan an samu kwanciyar hankali aka bazu ana saran daji ana kafa ƙauyuka, musamman ta arewacin Mayahi. Gona in ta gaji a bar ta saura shekaru, saurar kuma ita ce makiyaya. Bayan kaka Fulani da Buzaye su sauko da dabbobinsu su ci kara da harawa, su kwana a gonar mutum su bar masa taki, shi kuma ya ba su damin gero da ruwan rijiya. Matansu suna bi gida-gida da ƙwaryar nono da curin man shanu, ana musaya da hatsi, ba sai kuɗi ya shiga tsakani ba. A cikin gida ma akwai rabon da ke tsare miya. Gandu na maigida ne, shi ke cika babban rumbu, amma mace tana da gamanarta inda take shuka wake da yakuwa da kuɓewa da gyaɗa, kuma abin da ta samu nata ne halak malak. Tana da awakinta, jajayen nan na Maraɗi da fatarsu ta yi suna har Turai, masu yawan haifar tagwaye, waɗanda nononsu ke kaiwa bakin yara. Ashe sitaci daga hannun namiji yake fitowa, mafi yawan furotin da maiƙo kuwa daga hannun mace da na makiyayi. Duk abin da ya taɓa waɗannan biyun ya taɓa daidaiton abinci, ko da rumbun gero bai ragu da zangarniya ɗaya ba.

Wani zai ce wannan yabon jiya ne irin na tsofaffi, kuma yana da hujja. Annobar shanu ta wajajen 1890 ta share garkuna a faɗin ƙasar Hausa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane ba adadi, har aka koma ga karangiya da anza da tonon gidan tururuwa. Akwai bayi, akwai hari, yara kuma suna mutuwa fiye da yau saboda agana da ƙyanda. Ban ce kowa yana ƙoshi ba. Abin da nake cewa shi ne yunwar dā baƙuwa ce, takan zo ta tafi, kuma in damina ta yi kyau gero da mahaɗinsa tare suke dawowa, don gona ɗaya da daji ɗaya ke ba da su. Abin da ke neman bayani a yau shi ne tamowar da ba ta ɗagawa ko a shekarar albarka, a jihar da take cikin manyan rumbunan Nijar. Fari kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba.

Da haraji sauyin ya fara. Faransawa da wuta suka shigo yankin: rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa shi a 1899 tana ƙona garuruwa tana cinye rumbuna da dabbobi, kuma a Maijirgi ta ƙasar Tasawa kaburburan jagororin biyu suke, bayan sojojinsu sun juya musu baya. Ɓarnar wannan shekara ta wuce. Abin da ya zauna shi ne harajin lanho, wanda aka ce sai da tsabar kuɗi za a biya, a kan mutum da kuma dabba, kuma manomin da ba shi da abin sayarwa sai hatsin bakinsa dole ya nemi amfanin gonar da Bature ke saye. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a can daga 1912, kuma cikin shekarun 1930 kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna awonta a kasuwannin kudancin Nijar ana fitar da ita ta Kano. A 1927 aka ɗauke mazaunin mulkin yankin daga Tasawa aka kai Maraɗi, wadda ta zama cibiyar cinikin. Bayan samun 'yancin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe sayen gyaɗa da fitar da ita, kuma a shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take sayarwa waje.

Ba za a hana gyaɗa yabonta ba. Inda aka noma ta da yawa, sana'ar mai ta bunƙasa a hannun mata: a ɓare, a soya sama-sama, a murje a fece, a niƙa, a zuba ƙullun a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tsatso ya taru a sama, a matse, tunkuzar da ta rage a murza a soya ta cikin man nata ta zama ƙuli-ƙuli. Yaran gidan da ake wannan sana'a ba sa rasa abin taunawa. Sai dai wannan ƙaramin kaso ne. Mafi yawan gyaɗar a buhu ta fita zuwa matatun mai na Faransa, tunkuzarta ta zama abincin shanun Turai, kuma ta bar wa ƙasar bashin da har yau ake biya.

Bashin a kan gona ya faɗa. Gyaɗa ta cinye filin da dā ake bari saura, mutane kuma suna ta ƙaruwa. A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin Tasawa da Mayahi ta haura mutum rabin miliyan. Masani Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan jihar Maraɗi har da Sharken Hausa ta ƙasar Mayahi, ya nuna tun shekarun 1970 yadda daji ke ƙarewa, saura ke gajarcewa, gandu ke tsagewa zuwa ƙananan gonaki, da yadda neman kuɗi ke sa talaka ya sayar da hatsi da araha da kaka ya sake saye da tsada da damina. Da saura ta tafi, makiyayi ya rasa wurin tsayawa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa dabbobi sarari, amma gonaki suka tsallake ta. Burtali ya tsuke, kara da harawar da dā ake bar wa dabba kyauta suka zama kayan sayarwa da ake ɗaurewa a rataye a kan bishiya. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, da dama daga cikin waɗanda suka rage kuma suka koma hannun 'yan kasuwa. Zumuncin taki da nono ya koma ƙarar ɓarna a gaban sarki, wani lokaci ma har da jini, kamar abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Daga ƙarshe nono ya zama sai mai kuɗi, kuma a ƙauyen manoma ya fi wuya daidai lokacin da aka fi bukatarsa, don da damina shanu suna arewa, nesa da shuka.

A tsakiyar shekarun 1970 gyaɗa ta faɗi. Fari ya raunata ta, sannan a 1975 cutar da ƙwaron darɓa ke yaɗawa ta lalata gonakinta a Nijar da arewacin Najeriya, ita kuma gwamnati hankalinta ya riga ya koma kan yuraniyom na Arlit. Bukatar kuɗi ba ta faɗi tare da gyaɗa ba, sai ta sauka a kan wake. Yau Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma kaso mai yawa nasa Najeriyar yake tafiya. Abin da dā yake mahaɗin tuwo shi ne yanzu kuɗin magani da na suna da na bashin da aka ci da damina. Ga kuma ƙwaro: wake ba ya ajiyuwa, cikin 'yan watanni ya huhhuje shi, don haka ko mai son ajiyewa gara ya sayar. Lissafin talaka a nan ba kuskure a ciki. Tiyar wake ta fi ta gero tsada a yawancin lokuta, kuma mai baki goma a gida zai sayar da mai tsada ya sayi mai cika ciki. In gero ma ya gagara sai garin rogo, wanda furotin ɗinsa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A miya kuma dunƙulen Maggi ya ture daddawa a gidaje da yawa, yana ba da ɗanɗano amma gishiri ya fi yawa a cikinsa. Kowane mataki daga cikin waɗannan, in an dube shi shi kaɗai, na mai hankali ne, kuma kowanne yana ƙara karkatar da ƙwarya wajen sitaci.

Da gonaki suka tsuke, wadda aka fara janye wa ita ce mace. Marthe Diarra da Marie Monimart sun wallafa bincike a 2004 a kan kudancin Nijar da ya nuna yadda ƙarancin fili ke fitar da mata daga noma, har a wasu ƙauyuka ake fakewa da kulle don a hana gamana ga matan da iyayensu mata suka tsufa da hauya a hannu. Matar da ba ta da gamana ba ta da wake nata, ba ta da harawar da za ta ba akuya, ba ta da nono ke nan. Cefane ya koma aljihun miji, shi kuma rabin shekara yana can ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya. A gidaje da dama ana rufe babban rumbu bayan kaka sai damina ta faɗi, a bar mace ta ci da kanta da 'ya'yanta daga abin da ta tara. Al'adar tana da ma'ana lokacin da take da abin tarawa.

Shekarar 2005 ce ta fito da wannan duka fili. Amfanin gonar 2004 ya ragu saboda fara da yankewar ruwa, amma kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Farashi ne ya yi sama, har buhun gero ya kai jika 30 na sefa a wasu wurare, kusan ninki uku na yadda aka saba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, cikin ƙasar noma. Abin da ya tashi da yawa daga cikinsu shi ne ɗan ƙunshin nan Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙiro a 1996: giram 92, kalori 500, haɗin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin. Ya ceci rayuka masu yawa, kuma duk uwar da ta ga ɗanta ya tashi zaune bayan ta fid da rai ta san darajarsa. Amma a dubi abin da ke cikinsa da kyau. Gyaɗa da madara da mai su ne daidai abubuwan da aka yi shekara ɗari ana zarewa daga cimar wannan ƙasa. An dawo da su a matsayin magani, ga yaron da ya riga ya galabaita, na 'yan makonni, kafin ya koma gida ga kokon da ya kai shi asibiti.

Masu cewa jahilci ne tushen matsalar ba su rasa abin nunawa. Akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata, akwai ba jariri ruwa da jiƙo kafin wata shida, akwai yayen rana ɗaya in uwa ta samu ciki, akwai tsokar da ke tafiya kwanon maigida a bar yara da romo. Akwai magidancin da ke cin tsire da shayi mai madara a tasha alhali miyar gidansa ba mai. Duk wannan gaskiya ne, kuma wa'azi a kai wajibi ne, ga maza ma kafin mata. Sai dai akwai gwajin da ya kamata a auna maganar da shi, kuma a Tasawa aka yi shi. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta ba gidaje 1,500 mafiya talauci kuɗi a hannu, jika 60 kowane gida, kashi uku, cikin watannin da rumbu ke ƙarewa, aka damƙa wa mata. Bayan hatsi, abin da suka ƙara saye shi ne nono da mai da wake da ɗan nama. An haɗa da zaman faɗakarwa, amma faɗakarwa an daɗe ana yi. Sabon abu a nan kuɗin ne. Matar da ta nufi mai nono ranar da kuɗi ya shigo hannunta, ba darasi ta rasa ba tun farko.

Sukar da ta fi ƙarfi daga masana take. Tun da likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko a ƙasar da ake kira Gana yanzu a shekarun 1930, hukumomin duniya suka ɗauka ƙarancin furotin ne babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta, har Donald McLaren ya rubuta a mujallar Lancet a 1974 cewa an zuzuta batun, yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Daga baya aka ƙara gane muhimmancin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da zinki da bitamin A, da kuma aikin cuta: zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kama yara a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da abinci ya yi ƙasa kuma uwa tana fama da aikin damina. Ko a gwajin na Tasawa, cututtukan damina sun ci gaba da kayar da yara duk da kuɗin. Na yarda da wannan, kuma ba cimar da za ta tsaya a madadin gidan sauro da ruwa mai tsabta. Amma nono da wake da gyaɗa da ganye ba furotin kaɗai ke cikinsu ba. Su ne ke kawo kuzarin da ƙaramin ciki zai iya ɗauka, su ne kuma ke kawo ƙananan sinadaran da surfaffen gero ya rasa, don haka gyaran da McLaren ya yi wa masana bai rage komai daga nauyin abin da ya fita daga ƙwaryar Tasawa da Mayahi ba.

Ba ina kira a rufe kasuwa ko a koma musayar nono da hatsi ba ne. Ƙasar da ke ɗauke da mutum miliyan ba za ta koma saura ba, kuma kuɗin waken ne ke sayen magani da littafin makaranta. Amfanin tarihin shi ne ya nuna inda za a sa hannu, kuma an riga an fara. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron itatuwa a gona maimakon su sassabe su ƙurmus, aikin da Tony Rinaudo na mishan SIM ya taimaka wajen yaɗawa daga Maraɗi, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma 'ya'yansa su ne abincin awaki, daga nan nono ke fitowa. Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya ba mata da yawa jarin akuya da na man gyaɗa. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Maraɗi suka yaɗa daga 2007, yana toshe wa ƙwaro iska ya mutu ba tare da an zuba guba ba, wake ya kai damina lafiya lau.

Sai dai buhun ba shi ke zaɓar wa wake inda zai tafi ba. Waken da ya tsira har watan Yuli yana iya shiga tukunya, yana kuma iya hawa mota zuwa kasuwar Jibiya ko ta Dawanau a kan farashi mai tsoka, kuma mai buhun ne ke yanke hukunci. Inda mace ke da gamana kuma buhun nata ne, akwai dalilin sa ran wani kaso zai zama ɗanwaken yara. Shi ya sa gadon da shari'ar Musulunci ta ba 'ya mace a gonar ubanta, wanda a ƙauyuka da yawa 'yan'uwa maza ke riƙewa, da takardar shaidar gona da kwamitocin filaye ke iya ba ta tun bayan dokar ƙasar noma ta 1993, suke cikin batun abinci kai tsaye. Wajen tabbatar da su kuwa, malamai da sarakunan Tasawa da Mayahi suna da ikon da ma'aikacin lafiya ba shi da shi.